Zare: Jam'iyya ko tsoron Allah? Abin da ya faru da 'yan Mormon a siyasar Amurka

1/
Ranar 5 ga Fabrairun 2020, wani dattijo ɗan shekara 72 ya miƙe a zauren Majalisar Dattawan Amurka yana jawabi, sai murya ta sarƙe masa, ya yi shiru na ɗan lokaci. Da ya ci gaba ya ce zai kaɗa ƙuri'ar samun shugaban ƙasa da laifi. Shugaban kuma ɗan jam'iyyarsu ne. Sunan dattijon Mitt Romney. Ku gyara zama, zaren da tsawo 🧵

2/
Kullum muna zagin 'yan siyasa cewa ba su da tsoron Allah, inda jam'iyya ta sa gaba nan suke bi. Ni dai a ganina rabin laifin na masu zaɓe ne. Su ne ke hukunta wanda ya faɗi gaskiya a cikin gida, sannan su dawo suna mamakin me ya sa kowa ya zama ɗan amshin shata. Labarin 'yan Mormon ya nuna wannan ƙarara.

3/
Su wane ne Mormon? Ɗarika ce da Joseph Smith ya kafa a jihar New York a 1830. Suna kiran kansu Kiristoci, ko da yake wasu coci-coci ba su yarda da hakan ba. Yau sun kai kimanin miliyan 17 a duniya, hedikwatarsu na Salt Lake City a jihar Utah. Tun 2018 shugabanninsu suka nemi a daina ce musu Mormon, amma suna ya riga ya bi su.

4/
Ba sa shan giya, ba sa shan taba, kai ko kofi da shayi ba sa sha. Suna ba coci kashi 10 cikin 100 na abin da suka samu. Samarinsu kan tafi wa'azi na shekara 2 duk inda aka tura su, shi Romney a Faransa ya yi nasa. Wanda ya zauna Legas ko Accra ya san su: farar riga, baƙin wando, da ɗan allon suna a ƙirji.

5/
A siyasa kuwa, da wuya ka samu wata ƙungiyar addini a Amurka da ta kai su riƙo da jam'iyyar Republican. Rabon da Utah ta zaɓi ɗan Democrat a matsayin shugaban ƙasa tun 1964. A 2012 da Romney ya tsaya da Obama, kusan kashi 73 ya samu a jihar. Can gidan Republican ne, ba tantama.

6/
To amma mutanen nan suna da wani tabo a tarihinsu. A 1838 gwamnan Missouri, Lilburn Boggs, ya sa hannu a umarnin cewa a kore su daga jihar ko a hallaka su. Sai 1976 aka soke umarnin a hukumance. A 1844 gungun mutane suka kashe Joseph Smith a gidan yari a Illinois. A 1847 suka yi hijira zuwa inda Utah take yanzu.

7/
Ku riƙe wannan, domin shi ya sa abin da ya biyo baya ya faru. Ranar 7 ga Disambar 2015 Donald Trump, lokacin yana neman takara, ya ce a hana Musulmi shiga Amurka gaba ɗaya. Washegari cocin Mormon ta fitar da sanarwa. Ba ta ambaci sunansa ba, amma ta ce ita ba ruwanta da jam'iyya, sai dai maganar 'yancin addini ba za ta yi shiru ba.

8/
A sanarwar har sun tuna wa mutane wata doka da garinsu na Nauvoo ya yi a 1841, wadda ta lissafa Musulmi cikin waɗanda ke da 'yancin yin addininsu a garin. Wata guda kafin nan kuma, lokacin da galibin gwamnonin Republican suka ce ba sa son 'yan gudun hijirar Siriya, gwamnan Utah Gary Herbert bai bi sahunsu ba. Wanda aka taɓa kora ya san zafin kora.

9/
A Maris na 2016 Romney ya yi jawabi a Jami'ar Utah, ya kira Trump mayaudari, ya roƙi jam'iyya kada ta tsayar da shi. Da aka yi zaɓen fid da gwani a Utah cikin watan, Ted Cruz ya samu kashi 69, Trump ya zo na uku da kashi 14. Wato tun farko mutanen nan ba su yi na'am da shi ba.

10/
Sai Oktoba ta zo, aka saki tsohon faifan nan da aka ji Trump yana alfahari da taɓa mata ba da izininsu ba. A duk Amurka, 'yan siyasar Utah na cikin waɗanda suka fara janye jiki. Gwamna Herbert ya janye. Sanata Mike Lee ya ce Trump ya sauka daga takara. Jaridar Deseret News, mallakar cocin, ita ma ta ce ya janye.

11/
Ɗan majalisar wakilai Jason Chaffetz ya ce ba zai iya kallon idon 'yarsa mai shekara 15 ya ce mata yana goyon bayan mutumin nan ba. Magana mai kyau ko? Ba a yi mako 3 ba ya fito ya ce Trump ɗin zai zaɓa, don Hillary Clinton ta fi muni a wajensa. Tun daga nan aka fara ganin inda za a ƙare.

12/
Sakamakon Utah a 2016: Trump kashi 45.5, Clinton 27.5, sai Evan McMullin, wani tsohon jami'in CIA ɗan Mormon da ya fito ba jam'iyya, ya samu 21.5. Daga 73 zuwa 45 cikin shekara 4. Shi Romney sunan matarsa Ann ya rubuta a takardar zaɓe. Mike Lee kuma McMullin ya zaɓa.

13/
Masu sharhi suka yi ta tafi, ga mutanen da addininsu ya fi ƙarfin jam'iyyarsu. To ga ci gaban labarin. A 2020 Trump ya samu kashi 58 a Utah. A 2024 ya samu kusan 59. Na san ba kowane ɗan Utah ne Mormon ba, amma su ne ƙashin bayan Republican a jihar. Ƙyamar da suka nuna zaɓe ɗaya ta yi, ta wuce.

14/
Mike Lee shi ne misali mafi ban mamaki. Mutumin da ya ce Trump ya sauka a 2016, a Oktobar 2020 ya hau mumbari a Arizona ya kwatanta shi da Kyaftin Moroni, wani gwarzo mai tsarki a littafin addininsu. 'Yan cocinsu da yawa sun ji haushi. Amma a 2022 ya sake cin kujerarsa, kuma wa ya kayar? McMullin ɗin da ya zaɓa a 2016.

15/
Mu koma kan Romney. A Disambar 2019 Majalisar Wakilai ta tsige Trump bisa zargin ya riƙe tallafin soji na kusan dala miliyan 400 da aka ware wa Yukren, don ya matsa musu su binciki Joe Biden. A tsarinsu, Majalisar Dattawa ce ke zama kotu, kuma sai sanatoci 67 cikin 100 sun yarda kafin a cire shugaba.

16/
Kafin a fara shari'ar kowane sanata sai da ya yi rantsuwa ta musamman cewa zai yi adalci ba son kai. Kan wannan rantsuwar Romney ya dogara. Ya ce shi mutum ne mai riƙo da addini, ya yi alkawari a gaban Allah, kuma hujjojin da ya gani sun nuna laifi. Ya ce ya san za a zage shi.

17/
Ku lura da abu ɗaya: ya san ƙuri'arsa ba za ta canza komai ba. An tashi 52 da 48, Trump ya tsira. A tuhuma ta biyu ma Romney wanke shi ya yi. Amma ya zama sanata na farko a tarihin Amurka da ya kaɗa ƙuri'ar cire shugaban ƙasa ɗan jam'iyyarsa. Babban ɗan Trump ya ce a kore shi daga jam'iyya. Shugabar jam'iyyar ta ƙasa a lokacin, Ronna McDaniel, 'yar wansa ce, ita ma ta nesanta kanta da shi.

18/
Bayan harin 6 ga Janairun 2021 kan ginin majalisa aka sake shari'ar tsigewa. Wannan karon sanatocin Republican 7 suka ce ya yi laifi, har da Romney, aka tashi 57 da 43, bai dai kai 67 ba. A Majalisar Wakilai 'yan Republican 10 suka goyi bayan tsigewar. Bayan zaɓen 2022, biyu kacal suka koma majalisa. Huɗu sun faɗi a fid da gwani, huɗu ba su ma sake tsayawa ba.

19/
A Mayun 2021 Romney ya hau mumbari a babban taron jam'iyya na Utah. Aka yi masa ihu, wasu na kiran sa maci amana. Mutumin da shekara 9 baya ya riƙe musu tuta a zaɓen shugaban ƙasa. Aka kawo ƙudurin yi masa Allah-wadai, ya sha da ƙyar, 798 da 711. Kuma yawancin masu ihun nan coci ɗaya suke zuwa da shi.

20/
Daga baya ya shaida wa marubucin tarihinsa, McKay Coppins, cewa bayan 6 ga Janairu dala 5,000 yake kashewa kullum wajen tsaron iyalinsa. Ya kuma ce akwai 'yan majalisar da suka so goyon bayan tsigewa amma suka fasa saboda tsoron abin da zai samu matansu da 'ya'yansu. A 2023 ya ce ba zai sake takara ba.

21/
Wani zai ce ai Romney attajiri ne, ba shi da abin asara. Gaskiya ne, kuɗi na sa mutum ƙarfin hali. To ga wanda ba attajiri ba: Rusty Bowers, kakakin majalisar dokokin Arizona na wancan lokacin, ɗan Mormon, ɗan Republican na gidi. Ya yi wa Trump kamfen a 2020, ya zaɓe shi, ya so ya ci.

22/
Biden ya ci Arizona da tazarar ƙuri'a dubu 10 da 'yan ɗaruruwa. Trump da lauyansa Rudy Giuliani suka kira Bowers suna so ya yi amfani da majalisa a sauya sakamakon. Ya ce su kawo hujjar maguɗi. Ba su kawo ba. Ya ce to shi ba zai karya rantsuwar da ya yi ta kare tsarin mulki ba.

23/
Aka riƙa zuwa ƙofar gidansa da motoci masu lasifika ana yi masa sharri, alhali 'yarsa na kwance a ciki rai a hannun Allah. Ta rasu a Janairun 2021. A 2022 ya ba da shaida gaban kwamitin majalisa, jam'iyyarsa ta jiha ta yi masa Allah-wadai, ya faɗi fid da gwani warwas. Wanda ya kayar da shi, David Farnsworth, shi ma Mormon ne, Trump ya ɗaga masa hannu.

24/
Kafin su akwai Sanata Jeff Flake na Arizona, shi ma Mormon. Ya rubuta littafi yana sukar inda jam'iyya ta dosa, farin jininsa ya zube, a Oktobar 2017 ya ce ba zai sake tsayawa ba domin ba zai iya cin fid da gwani ba sai ya faɗi abin da bai yarda da shi ba. Flake ya tafi, Bowers ya tafi, Romney ya tafi. Lee na nan daram.

25/
Yanzu ka sa kanka a matsayin matashin ɗan siyasa a Utah ko Arizona, kana kallon duk wannan. Wane darasi za ka ɗauka? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, sai dai a nan tsoron fid da gwani ne. Ba sai wani ya kira ka ya yi maka barazana ba. Da kanka za ka koyi yin shiru.

26/
Ko gwamnan Utah Spencer Cox, wanda ya sha faɗin cewa bai zaɓi Trump a 2016 da 2020 ba, ya juya ya goyi bayansa a Yulin 2024, bayan yunƙurin kashe Trump a Pennsylvania. Ya ce yana fata mutumin zai haɗa kan ƙasa. Wataƙila da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma kowa ya san a wace jam'iyya makomarsa take.

27/
To bari in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, don ba na son zaren ya zama na waliyyai da shaiɗanu. Ɗan Mormon da ya zaɓi Trump zai ce maka: ni ma zuciyata na bi. Ina ganin zubar da ciki kisan kai ne. Ina tsoron a tilasta wa cocina da makarantunmu abin da ya saɓa wa addininmu. Shugaba ba limami ba ne, aiki na ɗauke shi.

28/
Kuma ya samu abin da ya nema. Trump ya naɗa alƙalai 3 a Kotun Ƙoli, a Yunin 2022 kotun ta soke hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar. A ƙasar da jam'iyyu 2 ne kawai ke cin zaɓe, zaɓar wanda kake ganin ya fi sauƙin sharri ba rashin imani ba ne. Ban raina wannan hujjar ba ko kaɗan.

29/
Shi kansa Romney ba waliyyi ba ne. Ya karɓi goyon bayan Trump a 2012. Bayan ya kira shi mayaudari, a Nuwambar 2016 aka gan su suna cin abincin dare a New York, lokacin ana raɗe-raɗin ba shi sakataren harkokin waje. A 2018 ya sake karɓar goyon bayansa. A majalisa kuma yawancin ƙuri'unsa tare da jam'iyya suke, har da tabbatar da Mai Shari'a Amy Coney Barrett.

30/
Wannan ne ma ya sa nake ganin misalinsa na da amfani. Bai bar jam'iyya ba, bai canza ra'ayinsa kan haraji ko zubar da ciki ba. Ya raba abu biyu: manufa, wadda za ka iya bin jam'iyya a kanta ko da ba ta yi maka ɗari bisa ɗari ba, da kuma rantsuwa da ƙa'idar wasa, waɗanda ba na jam'iyya ba ne balle ta ba ka izinin karya su.

31/
A nan na rabu da masu ihun. Ka zaɓi Trump don alƙalai, na fahimce ka. Amma me ya kai ka korar Bowers? Mutumin nan ra'ayinku ɗaya a kan komai. Laifinsa kawai ya ƙi sauya sakamakon zaɓe ba hujja. Ranar da ka hukunta shi, ka gaya wa duk mai riƙe da muƙami cewa biyayya ta fi rantsuwa daraja a wajenka.

32/
Kada 'yan Democrat su yi dariya. Harry Reid, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015, Mormon ne kuma Democrat. A 2012 ya tsaya a zauren majalisa ya zargi Romney, ɗan cocinsu, da ƙin biyan haraji shekara 10, ba tare da hujja ba. Da aka tambaye shi bayan shekaru ko ya yi nadama, sai ya nuna ai buƙata ta biya tunda Romney bai ci ba.

33/
Kuma da yawa cikin masu yi wa Romney tafi a 2020 su ne suka yi masa fata-fata a 2012. Haka muke duka. Idan ɗan wancan ɓangaren ya bijire, jarumi ne mai gaskiya. Idan namu ya bijire, an saye shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

34/
Ita ma cocin tana da nata tabon. Sai 1978 ta ɗage haramcin da ta ɗora wa baƙar fata na riƙe muƙaman addini. A 1964 mahaifin Romney, George Romney, gwamnan Michigan, ya ƙi goyon bayan ɗan takarar jam'iyyarsu Barry Goldwater saboda batun haƙƙin baƙar fata, a lokacin da ba kowa a cocinsu ke son jin wannan magana ba. Ɗan ya ga abin a gida.

35/
Abin da ya fi ɗaure min kai: shugabannin cocin sun yi magana. A Yunin 2023 suka aika wasiƙa a karanta wa mabiya a Amurka, cewa yin zaɓen sak, ko bin jam'iyya don gado ba tare da nazarin 'yan takara ba, barazana ce ga dimokuraɗiyya. Mutanen da ke barin kofi saboda umarnin coci. Shekara ta zagayo, ƙuri'ar Utah ta tafi inda ta saba zuwa.

36/
Ba wai wasiƙar ta ce kada a zaɓi wane ba, ba ta ambaci kowa ba. Amma ya nuna maka yadda jam'iyya ke zama kamar ƙabila. Idan abokanka, surukanka, tashar da kake kallo da waɗanda kake bi a intanet duk gefe ɗaya suke, fita daga layi na nufin rasa mutane. Barin kofi ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

37/
Ba duka aka rasa ba. A fid da gwani na Yunin 2024, 'yan Republican na Utah sun zaɓi John Curtis ya gaji kujerar Romney, suka ƙi wanda Trump ya ɗaga wa hannu. Magajin garin Mesa a Arizona na wancan lokacin, John Giles, Mormon ɗan Republican, ya fito fili ya goyi bayan Kamala Harris. Ana samu jefi-jefi, amma ba su kai su juya akalar ba.

38/
Me ya shafe mu? Maganar hana shiga Amurka da cocin ta yi tir da ita a 2015 ba ta tsaya a baki ba. An sa Chadi cikin jerin a 2017 kafin a cire ta a 2018. Ranar 31 ga Janairun 2020 aka ƙara Najeriya, aka dakatar da bizar masu son komawa can da zama. Kwana 5 kafin jawabin Romney. Shirun 'yan siyasar wata ƙasa na iya iso ka har gida.

39/
Na biyu kuma, mu da muke kwana a nan muna kare jam'iyya da data ɗinmu, sojojin baka na kyauta. Ka tuna karo na ƙarshe da wani ɗan ɓangarenka ya fito ya ce abin da aka yi ba daidai ba ne. Me ka rubuta a ƙarƙashin maganarsa? Ka duba hujjarsa, ko kai tsaye ka ce munafuki ne?

40/
Ga gwajin da nake yi wa kaina, kuma wallahi ba kullum nake ci ba: da ɗaya jam'iyyar ce ta yi wannan abin, zan yarda? Idan amsar a'a ce, to ba ni da bakin zagin namu da ya ce a'a. Ba dole in sake zaɓarsa ba, amma kada ya zama gaskiyar da ya faɗa ce dalilin da zan kayar da shi.

41/
Ɗan siyasa lissafi yake yi. Idan ya ga duk wanda ya cika rantsuwa gida yake komawa, duk wanda ya lanƙwasa kuma kujerarsa na nan, ba sai an gaya masa abin yi ba. Masu zaɓe ne ke sa wa gaskiya farashi, kuma a Utah da Arizona sun sa mata mai tsada sosai.

42/
Na tsaya nan. Tambaya gare ku: da kai ne Rusty Bowers, shugaban da ka yi wa kamfen ya kira ka da kansa, ga 'yarka kwance ba lafiya, ga jama'a a ƙofar gida, me za ka ce masa? Ku amsa tsakani da Allah, ba amsar neman tafi ba. Wanda bai yarda da ni ba ya zo da hujja mu tattauna, zagi dai ba na amsawa.